Ƙamshi Daga Daji Yake Fitowa

A filin nan na watan jiya an yi magana kan ajiyar wake da yadda ake tsare shi daga ƙwari. Wannan wata maganar ta turare ce. Wani zai ce, ina ruwan manomi da turare, ga taki ya yi tsada, ga rijiya ta ja baya? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe. Turare ba a kanti ake shuka shi ba.

Wani saurayi daga ƙasar Kance ya dawo daga ci-rani a Aljeriya. Cikin tsarabar da ya kawo wa uwarsa akwai wata ƴar kwalba baƙa, ba ta fi babban yatsa ba. Uwar tana haɗa turaren wuta, tana kaiwa kasuwar Matamaye. Ta juya kwalbar a hannu, ta ce, "Kai yaro, wannan ɗan abu ne tsaraba?"

Ya ce, "Inna, man wani itace ne na ƙetaren teku. Turawa ke sa shi cikin turarensu mai tsada. Kuɗin da na ba da a kansa zai auno hatsi tiya da dama."

Ta buɗe, ta shinshina, ta yi shiru. Can ta ce, "Wannan ai ƙaron hano ne aka jiƙa."

Ya ce, "A'a Inna, ba shi ba ne."

Ta ce, "Ko daga ina ya zo, hancina ya san shi."

Yaron yana da gaskiya, ba hano ba ne. Amma tsohuwar ma ba ta yi kuskure ba, kuma dalilin zai fito nan gaba kaɗan.

Itacen da man

Itacen nan ba shi da suna da Hausa, domin ba na ƙasar Hausa ba ne. Larabawa suna ce masa sarwu, Faransawa suna ce masa sipre. Dogo ne siriri, ya miƙe tsaye kamar mashi. Ganyensa ƙanana ne, sun manne wa reshe kamar ɓawon kifi, kuma ba ya kaɗe su, rani da damina kore yake. A ƙasashen bakin tekun Bahar Rum yake da yawa. Ana shuka shi a maƙabarta, ana kuma jera shi a gefen gonaki don ya tare iska, kamar yadda ake yi da dogon yaro a nan. A Faransa da Sipaniya da Maroko ana fitar da mansa.

Duk macen da ta taɓa dafa dambu ta san rabin aikin. Ana samun babbar tukunyar ƙarfe, ruwa a ƙasa, rariya a tsakiya. A cika saman da ƙananan rassa masu ganye, a rufe ruf, a hura wuta. Tururi ya ratsa ganyen, ya kwaso ƙamshin. Daga marfin akwai bututu da ya bi ta cikin ruwan sanyi. In tururi ya ji sanyi sai ya koma ruwa, kamar ɗigon da ke taruwa a ƙarƙashin marfin tukunya. Ruwan ya ɗiga cikin kwalba, mai ya taso samansa, a kwashe.

Man ba shi da yawa. Kilo 100 na ganye da ƙyar yake ba da lita guda, sau da yawa ma bai kai ba. A gwada da gyaɗa: kilo 100 na ɓararriyar gyaɗa a masana'anta yana ba da mai wajen kilo 40. Na furen wardi ya fi haka wuya, sai an tara fure kilo 3,000 zuwa 4,000 kafin a sami kilo guda. Dalilin tsada ke nan. Ƴar kwalbar da yaron ya kawo mililita 10 take ci. Lita guda mililita 1,000 ce. Masu koyon lissafi a aji su gwada: kwalba nawa za a cika da lita guda?

Sunan mai kawai ya haɗa shi da man gyaɗa, amma halinsu dabam. In aka ɗiga man gyaɗa a takarda, tabon yana nan har gobe. In aka ɗiga man sarwu na gaskiya, sai ya bi iska, takarda ta bushe ba maiƙo. Wannan gwaji ne mai sauƙi. Wanda aka sayar wa irin wannan mai, ya ɗiga ya ga maiƙo ya zauna, to an gauraya masa da wani abu.

Masu haɗa turare a Turai suna son sa don ƙamshinsa na ɗanyen itace, mai ɗan hayaƙi-hayaƙi. An fi sa shi a turaren maza da sabulu. Akwai kuma masu amfani da shi don jin daɗin jiki. Su ɗiga shi cikin wani mai su yi tausa, ko su bar shi ya bi iskar ɗaki. Wannan hanya ta neman lafiya da ƙamshi wani Bafaranshe ne mai suna Gattefossé ya raɗa mata suna, a littafinsa na 1937. Masu sayar da man suna cewa yana maganin tari, da kumburin jijiyar ƙafa, da yawan gumi. Likitoci ba su tabbatar da wannan da gwaji mai ƙarfi ba. Mai talla kuwa, kowa ya sani, ba ya kushe kayansa.

Saboda haka a kiyaye. Ba a shan sa. Ba a shafa shi tsurarsa a fata, yana iya ƙuna. Ba a kai shi kusa da ido. A ɗaga shi inda hannun yaro ba ya kaiwa, mai ciki kuma ta bar shi. Wanda ya yi mako biyu yana tari, wurinsa asibiti, a duba majinarsa, ko tarin fuka ne. Ƙamshi ba ya kashe ƙwayar cutar nan. Tun da an zo nan, ga wata magana ga masu jego da lokacin ɗari. Kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iska mai guba wadda hanci ba ya ji, tana kuma kisa. A turara ɗaki, a fitar da kasko, a bar iska ta shiga kafin a kwantar da jariri.

Hancin tsohuwa

Yanzu a koma wurin mai turaren Matamaye. Masana suna iya rarrabe abubuwan da ke cikin kowane ƙamshi. Wanda ya fi yawa a man sarwu suna kiransa alfa-pinen. A 2019 wasu masana suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa ƙaron hano na Afirka ta Yamma. Suka tarar a mafi yawansa wannan alfa-pinen ɗin ne ya rinjaya. Watau abin da injin awo ya gani, hancin tsohuwa ya riga shi. Hano kuwa ɗan'uwan itacen lubban ne na ƙasar Somaliya da Oman. Ƙaronsa ya riga ya shiga kasuwar Turai da Amurka, ana tace shi da tururi kamar yadda aka bayyana, a zuba a irin ƴar kwalbar nan.

Damagaram ta daɗe tana sayen ƙamshi da tsada. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, ayari yana tashi daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da Abzin, ya sauka a Zango. Bajamushen nan Barth, wanda mutane suka sani da Abdulkarim, ya zauna a Damagaram daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Da ya lissafa kayan da fatake ke kawowa Kano daga arewa, ya ambaci jawul da kanumfari da man wardi. A wajen 1911 hanyar ta mutu, shekarar da Italiya ta faɗa wa Tarabulus, dogo kuma ya iso Kano. Amma sayen bai mutu ba. Wanda ya leƙa layin masu kayan ƙamshi a kasuwar Dole ranar Alhamis zai gani. Sandal asalinsa Indiya. Farcen da ake soyawa a daka a zuba cikin humra, marfin dodon koɗin teku ne, daga wajen Bahar Maliya ake kawo shi. Bint El Sudan, wanda kowace amarya ta sani, wani kamfanin Ingila ya fara haɗa shi a 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Mace ta sayi duk waɗannan da kuɗinta, ta narka sukari, ta soya itace, ta sha hayaƙi yini guda. Ribar da ke saura a hannunta ƴar kaɗan ce, domin mafi yawan kuɗin ya koma inda kayan suka fito.

Itacen da ya rage 233

A kan tsohuwar hanyar ayarin nan akwai wani abu da ya kamata makiyayi ya ji. Tsakanin Janet ta Aljeriya da Gat ta Libiya akwai tudun duwatsu da ake kira Tasili. A can, tsakiyar hamada, sarwu yana da ɗan'uwa. Buzaye suna ce masa tarut. Ruwan da ke sauka wurin bai fi milimita 30 a shekara ba, amma itacen yana tsaye. Wasu sun haura shekara 2,000. Babbansu, kewayen gindinsa ya kai mita 12. Ragowar wani daji ne na zamanin da hamada take da ruwa da ciyawa, zamanin da mutane suka zana shanu a jikin duwatsun wurin.

Ƙarancin ruwa ya rage shi, wannan gaskiya ne. Amma gatari ya taimaka. Katakonsa yana da ƙamshi, ba ya saurin ruɓewa, sai aka riƙa sare shi ana yin ƙyaure da azara a gidajen Gat da Janet. Matafiya suka riƙa karya rassansa suna hura wuta. Makiyaya suka riƙa kwana da garke a inuwarsa, duk tsiron da ya leƙo akuya ta tsinke. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Duprez ya kai labarinsa ga masana a 1924. A 1972 Aljeriya ta mai da wurin gandun da doka ta tsare. Da aka bi aka ƙidaya su ɗaya-ɗaya, ƙidayar da aka gama a 2001, sai aka sami 233 masu rai, warwatse a tafiyar kilomita wajen 120. Ƙanana a cikinsu ƴan kaɗan ne. An kai irinsa Faransa da Ostireliya ana reno, don kada ya ɓace daga duniya.

Guda 233. Gawon da ke gonakin ƙauye ɗaya a ƙasar Magariya ya fi haka.

Makiyayi ya fi kowa gane wannan. Garken da duk tsofaffin shanu ne, ba maraƙi ko ɗaya, ko ya kai ɗari ya riga ya ƙare, lokaci kawai ake jira. Ga kuma bambancin ƴan'uwan nan biyu. Sarwun da ake fitar da mai, aski ake yi masa. A datse ƙananan rassa, itace ya sake toho, a dawo. Tatsa ke nan. Tarut kuwa yanka aka yi masa. Mai tatsa yana shan nono kowace safiya, mai yanka sau ɗaya yake cin nama.

Tatsar ma tana da iyaka. A Habasha da Eritiriya da Sudan akwai wani ɗan'uwan hano da ake tsagawa don lubban. Da kasuwa ta buɗe, mutane suka riƙa tsaga shi ko'ina, kowace shekara, ba hutu. Masana suka gwada irin itatuwan. Irin wanda ba a tsaga ba, cikin 100 fiye da 80 suka tsira. Irin wanda aka matsa wa tsaga, wajen 16 kaɗai. Ga gobarar daji, ga dabbobi suna cin tsiro, ga ƙwaro yana shiga ta raunin. A 2019 masana suka yi gargaɗi cewa in ba a sake hali ba, lubban ɗin da wannan itace ke bayarwa zai ragu da rabi cikin shekara 20.

Abin da ke dajin Damagaram

Dashi, wanda wasu ke kira iskici, shi ne na farko. Ƙaronsa turare ne tun kaka da kakanni, raƙumi da akuya kuma suna cin ganyensa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe shi da yawa a ƙasashen Sahel. Amma Allah ya yi masa sauƙin kamu. A sari reshe mai kauri a ƙarshen rani, kafin ya fara toho, a kafa a ƙasa, sai ya kama. Manomin da ya kewaye garkarsa da dashi ya sami shinge mai rai, ba sai ya sari ƙaya kowace shekara ba, ga kuma ƙaro a ƙofar gida. Hano ma haka yake kamawa daga reshe.

Babban maƙiyin hano shi ne mai saƙesaƙi marar haƙuri. Ana neman ɓawonsa don magani, sai wani ya zo ya feɗe gindin ya kewaye shi kaf. Abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake bi daga ganye zuwa saiwa. In aka yanke ɓawo zobe guda, an yanke masa maƙogwaro. Wanda zai ɗiba ya ɗebi tsiri ɗaya a tsaye, a gefe guda, ya bar sauran, kada ya koma sai wurin ya warke. Ƙaro kuwa, wanda ya tsattsafo da kansa ya bushe a jikin itace shi ne ba ya cutar da komai. In za a tsaga, a bar ƙananan itatuwa, a yi tsaga kaɗan marar zurfi, wuƙa kada ta kai ga farin itace, a kuma bar shi ya huta wata shekara.

Jema da kajiji matsalarsu ta fi, domin ƙamshinsu a saiwa yake, sai an tona. Mata sun san saiwar jema a cikin randa, sun san kajiji a turaren amarya. Ƴar'uwar jema ta Indiya ana noma ta a Haiti, ƙasar da ke ba da wajen rabin man jemar duniya, kuma an ga yadda tona ta a gangaren tudu yake sa ruwa ya kwashe ƙasa. Kajiji kuwa a Brazil gona ake yi masa, kamfanin turare yana saye. Ƙasa mai laima suke so, irin ta kwarin Korama da bakin tafki. Mai tono ya raba tushe, ya ɗauki kashi biyu, ya mai da ɗaya cikin rami ya binne. Aikin bai fi na ɗan lokaci ba. Wanda ya fi wannan, mai garka ya ba su layi ɗaya a bakin kwalbatin ruwa. Jema tana riƙe ƙasa, karanta kuma yana shiga saƙa da jinka.

Akwai nobe a fako, mai ƙamshi in an murza, wanda dabba ba ta cika so ba. Shi ganye ake yanka, saiwa ta zauna. Abin da ke cinye shi wuta ce da tuge shi da ake yi.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin tsaron itace ba ne. Ana ba da labari cewa a zamanin sarakunan Damagaram na da, wanda ya sare gawo ba da izini ba, ransa yake sa wa a haɗari. Daga wajen 1985 kuma manoman Magariya da Matamaye da Mirya suka mai da gawo gonakinsu da hannunsu, ta hanyar sassaben zamani: in ana sharar gona a bar tsiro, a zaɓi mai ƙarfi, a yi masa aski. A jihohin Maraɗi da Damagaram an ƙiyasta eka ta Faransa miliyan 5 da ta sake yin itace ta haka. Idon da ya iya gane tsiron gawo ya ƙyale shi, zai iya gane na dashi.

Ba a ce kowa ya sayar da awakinsa ya sayi tukunyar tururi ba. Tukunyar tana cin itacen wuta da ruwa mai yawa, mai saye daga waje kuma yana neman takardar awo da kaya iri ɗaya kowace shekara. Wannan aikin ƙungiya ne, da shawarar ma'aikatan gandun daji, bayan an tabbata akwai mai saye. Kasuwar da ke kusa ita ce ta masu turaren wuta, kuma a nan ma ana asarar kuɗi a banza. Yaro mai kiwo ya tsinci ƙaro, ya zuba a aljihu tare da ƙasa da ɓawo, ya shanya a rana tsaka, ya kai kasuwa a buɗaɗɗen kwano. Ƙamshin ya riga ya bi iska kamar ɗigon nan na kan takarda, sai a taya masa abin da aka ga dama. A tara a ƙwarya mai tsabta. A shanya a inuwa. A ware fari dabam, baƙi dabam, kada a gauraya na dashi da na hano. A zuba a gwangwani mai marfi. Masu ƙaron dakwara na wajen Gure sun san tsintaccen ƙaro da mai datti ba kuɗinsu ɗaya ba. In mutum goma na ƙauye suka haɗa nasu suka kai tare, ɗan kasuwa ba zai karya su ɗaya-ɗaya ba.

Mai turaren Matamaye ba ta zuba man sarwun a haɗinta ba. Ta ce ɗigo nawa ne a ciki, in ya ƙare wa zai koma Aljeriya? Ta ajiye shi a cikin adudu. Amma ta aiki jikanta wajen wani tsohon Bafillace da ke kawo mata ƙaron dashi, a tambaye shi me ya sa bana bai zo ba. Amsar da aka kawo ita ce, inda ya saba samu da tafiyar hantsi, yanzu sai ya kwana a hanya.

Ana roƙon kowane ajin yaƙi da jahilci ya zauna da tsofaffin ƙauye, maza da mata, a rubuta sunayen itatuwa da ciyayi masu ƙamshi da ke ƙasarsu: wanda yake nan, wanda ya yi nisa, da wanda aka daina gani, da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe in an tuna. Malamin aji ya aiko da takardar zuwa ofishin jarida kafin ruwa ya sauka. Za a buga su ƙauye-ƙauye a wannan fili.